Ƙudan Danshi: Ƙaramin Ƙwaro Mai Cinye Iri Tun Kafin Dashe

Darasinmu na wannan mako a kan wani ɗan ƙwaro ne da mutane da yawa ba su damu da shi ba. Mu a nan Kurmin Kogi, kamar sauran garuruwan Ikara da Makarfi da Kudan, kusan kowane gida ana renon irin tumatir ko tattasai ko attaruhu. Wasunmu kuma suna shuka fulawa ko mangwaro a gwangwani da leda, su ajiye a zaure ko a bakin tagar aji. Idan ka taɓa gwangwanin ka ga wasu baƙaƙen ƙudaje sun tashi, to ka gamu da ƙudan danshi.

Yaya yake?

Ya yi kama da jaririn sauro, mai dogayen ƙafafu, tsawonsa milimita 2 zuwa 4. Ba ya cizo, kuma ba ya iya tashi da nisa. Babban ƙudan ba ya cin shuka. 'Ya'yansa ne ɓarayin.

Macen tana iya saka ƙwai kusan 200 a kan ƙasa mai jiƙa. Cikin kwana 4 zuwa 6 sai su ƙyanƙyashe tsutsotsi farare masu baƙin kai. Tsutsar tana zama a saman ƙasa, ba ta cika wuce zurfin santimita 5 ba, tana cin hunhuna da ruɓaɓɓen ganye har kusan mako 2. Idan suka yi yawa sai su koma cin ƙananan saiwoyin da shuka ke shan ruwa da su. Daga ƙwai zuwa sabon ƙuda mako 3 zuwa 4 ne kacal.

Kada a haɗa shi da tsutsar tumatir da ta yi ɓarna a 2016 har gwamnatin Jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir. Waccan ganye da 'ya'ya take ci, kowa yana gani. Wannan kuwa a ƙarƙashin ƙasa take aikinta.

Inda ake ruɗewa

Shukar da aka ci wa saiwa tana yin yaushi, ganyenta ya koma rawaya. Mai ita sai ya ce ƙishi take ji, ya ƙara mata ruwa. To ruwan nan shi ne abin da ƙwai da tsutsa suke so. Tsutsar kuma tana taimaka wa ciwon da ke ruɓar da gindin ƙaramin iri, ka wayi gari ka ga ya kwanta. Babbar shuka tana iya jurewa, amma irin da bai kai wata guda ba mutuwa yake yi. Ga kuɗin iri ya tafi, ga lokacin dashe ya wuce.

Yadda za a tabbatar

A yanka dankalin Turawa ɗanye, a kifa yankan a kan ƙasar. Bayan kwana 2 ko 3 a ɗaga. Idan akwai tsutsa za a same ta a manne a ƙarƙashinsa. A jefar da yankan nesa.

Magani

Na farko, kuma shi ne babba, a rage ban ruwa. Kafin ka zuba ruwa, tura yatsanka cikin ƙasar zuwa gaɓa ta biyu. Idan ka ji danshi, ka bari sai gobe. Ƙwai da tsutsa ba sa rayuwa a busasshiyar ƙasa. Amma ƙaramin iri kada a bar shi ya bushe ƙamas, saman ƙasar kawai ake so ya sha iska.

Na biyu, a huda gindin gwangwani ko leda da ƙusa domin ruwa ya fita, kuma a zubar da wanda ya taru a ƙarƙashi.

Na uku, a yi amfani da takin gargajiya da ya ruɓe sosai. Ɗanyen kashin shanu da ɓawon abinci suna kiran ƙudan. A kuma riƙa tsince ganyen da ya faɗi.

Na huɗu, a barbaɗa busasshen yashi mai kaurin santimita 1 a sama, domin macen ta rasa inda za ta saka ƙwai.

Na biyar, tarko. Launin rawaya yana jan ƙudan. A yanki tsohuwar jarka mai ruwan ɗorawa, a shafa mata basilin, a soka a tsinke kusa da ƙasa. Duk wanda ya sauka ya maƙale.

Ban da fesa maganin sauro. Zai kashe na sama ya bar tsutsa a ƙasa, kuma yana da haɗari a cikin aji ko ɗaki. A ci gaba da waɗannan matakai har mako 4, saboda sai an jira zagayen rayuwarsa ya ƙare.

Muna roƙon kowane aji mai shuka a taga ya naɗa mutum ɗaya mai ban ruwa, domin idan kowa ya zo ya zuba, ƙasar ba za ta taɓa bushewa ba. Wanda ya gwada tarkon, ya ƙirga ƙudajen da ya kama a mako, ya kai wa malamin aikin gona mu kwatanta aji da aji.