Waiwaye adon tafiya

Ɗan'uwa, ƴar'uwa, ga shi yanzu hannunka ya saba da bik, idonka ya saba da baƙaƙe. To, bari in tambaye ka. Wa ya kafa garinku? Daga ina ya zo? Wa ya gina tsohuwar rijiyar da kuke sha?

In ka ce ba ka sani ba, ba kai kaɗai ba ne. Ni ma kakata ta san sunayen kakanninmu har bakwai. Ina jin ta tana faɗi da dare, ban rubuta ba. Ranar da rigimar iyakar gona ta taso a gidanmu, ta riga ta rasu. Muka rasa wanda zai ce ga inda gaskiya take.

Mutane da yawa suna tsammani karatun jami'a shi ne likita da lissafi kawai. A'a. Akwai wani babban sashe da ake kira ilimin sanin ɗan Adam. Cikinsa akwai tarihi, da labarin ƙasa, da nazarin harsuna, da nazarin zaman jama'a: yadda ake aure, yadda ake gado, yadda ake sarauta. Ana koyar da shi a Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai.

Ƴan ƙasarmu sun yi suna a wannan fage. Bubu Hama, wanda ya rasu a 1982, malamin lakkol ne kafin ya shugabanci majalisar dokoki. Ya rubuta littattafai masu yawa kan tarihin al'ummomin Nijar. Andire Salifu ya fitar da littafi kan sarautar Damagaram a 1971. Jibo Hamani ya fitar da nasa kan tarihin Adar a 1975. An sa wa jami'ar Damagaram sunan Salifu, ta Tawa kuma sunan Hamani.

Yaya masu tarihi suke aiki? Suna zuwa gun tsofaffi, maza da mata. Suna sauraren maroƙa da makaɗan fada. Suna karanta tsofaffin takardun larabci da ajami, da waɗanda Nasara suka bari. Sannan su gwada maganar wannan da ta wancan, don bakin mutum ɗaya bai isa shaida ba. Kowa yakan gyara labarin gidansu.

Kai ma za ka iya fara wannan aiki, ko ba ka taɓa ganin ƙofar jami'a ba. Ka ɗauki kaye da bik, ka kai wa tsoho goro, ka zauna ƙasa. Ka rubuta sunansa, da ranar, da garin. Kada ka katse shi. Abin da ya ce ya gani da idonsa, ka ware shi daban da abin da ya ji ga wasu. Gobe ka je gun wata tsohuwa ka yi mata tambaya iri ɗaya. In sun saɓa, ka rubuta duka biyu.

Kada ka ce sai bayan girbi. Tsoho ba ya jira.

Tambayoyi
1. Me ake koyo cikin ilimin sanin ɗan Adam?
2. Don me ba a dogara ga bakin mutum ɗaya?

Aikin gida
Ka rubuta layi biyar kan kafuwar garinku, ka kawo mu karanta tare.