Darasi na Bakwai: Dangantakar Tsoka da Cututtukan Ciki

7.1 Gabatarwa

Bahaushe ya ce, "Da ruwan ciki akan ja na rijiya." Wato ƙarfin damtse daga ciki yake fitowa. Wannan darasi zai nuna cewa shi ma cikin ya dogara da lafiyar tsoka.

7.2 Yadda Suke Cuɗanya

Da farko, bangon hanji kansa tsoka ce ta naɗe shi, ita ce ke matsa abinci tana tura shi gaba. Yawan zama wuri ɗaya kan rage wannan motsi, sai taurin bayan gida ya biyo baya, wani lokaci har da basir.

Na biyu, tsokar jiki ce ke kwashe mafi yawan sukarin da ke shiga jini bayan cin abinci. Idan ta zaizaye, saboda tsufa ko rashin motsa jiki, sukarin da ya yi saura kan koma kitse ya taru a hanta.

Na uku, cutar ciki ma kan cinye tsoka. Yaron da zawo ya daɗe a jikinsa ba ya amfana da abin da ya ci, don haka jiki kan koma cin tsokarsa, har ta kai ga tamowa. Shi ya sa malaman asibiti ke auna damtsen yara 'yan wata 6 zuwa 59. Wanda kaurin damtsensa ya gaza santimita 11.5 yana cikin haɗari.

7.3 Misali daga Kwargaba

Mutanen Wurno da Rabah da Goronyo manoma ne, aikin fadama kuwa yana gina tsoka. Madatsar ruwa ta Goronyo a kan Gulbin Rima ta bunƙasa noman rani da su. Sai dai shan ruwan gulbi ba tare da tafasawa ba yana jawo zawo da tsutsar ciki, musamman lokacin ambaliya irin ta 2010. Tuwon shinkafa kaɗai ba ya mayar da tsokar da ciwo ya zaizaye, sai an haɗa da wake ko kifi ko gyaɗa ko nono.

7.4 Kammalawa

Malamin firamare ne ke ganin ɗalibi kullum. Idan ya lura yaro yana ramewa, ga yawan ciwon ciki, wajibi ne ya sanar da iyayensa a kai shi asibiti da wuri.

7.5 Auna Fahimta

1. Kawo hanyoyi biyu da raunin tsoka ke cutar da ciki.
2. Me ya sa ake auna damtsen yara?
3. Bayyana ma'anar karin maganar da aka buɗe darasin da ita.