DARASIN KIWO: YADDA ZA MU MAI DA TSOHON FIRIJ AKWATIN ƘYANƘYASA

Da zarar damina ta sauka, zabi sun fara ƙwai. A Rijiyar Zaki da sauran ƙauyukan ƙasar Ungogo, daga wajen watan Mayu har zuwa Satumba, ƙwan zabi yakan cika kasuwa, 'yan talla suna yawo da dafaffe a tashoshin mota. A lokacin ne ya fi araha. Amma in muka gwada kuɗin ƙwai ɗaya da kuɗin babban zabo, za mu ga inda ribar take.

Dukanmu mun san matsalar. Zabuwa ba ta cika kwanci yadda ake so ba. In ma ta ƙyanƙyashe, takan ja 'yan tsakinta cikin ciyawa mai raɓa, sanyi ya kashe su. Shi ya sa mukan sa wa kaza. Kaza kuwa ba ta rufe abin da ya wuce ƙwai 12 zuwa 15, kuma ba kullum ake samun mai kwanci a ranar da ake bukatarta ba. A wannan darasi za mu koyi yadda tsohon firij da ya daina sanyi zai iya yin aikin kaji da yawa a lokaci ɗaya.

DABARAR BA SABUWA BA CE

Mutanen Masar sun fi shekara 2,000 suna ƙyanƙyasar ƙwai a ɗakunan ƙasa da ake hura wa wuta kaɗan kaɗan. A shekarar 1749 wani masani a Faransa mai suna Reyomur ya buga littafi a kan ƙyanƙyasa da ɗumin kashin doki. Dukansu abu ɗaya suka gane. Kaza mai kwanci tana yi wa ƙwai abu huɗu: tana ba shi zafi, tana tsare masa laima, tana barin iska ta shiga, tana kuma juya shi. Firij ba zai yi ko ɗaya daga cikin waɗannan da kansa ba. Amfaninsa shi ne bangonsa mai kauri, wanda aka yi domin zafi kada ya shiga. Bangon da ya hana zafi shiga, shi ne zai hana shi fita. Sauran aikin namu ne.

KAYAN DA ZA MU NEMA

1. Tsohon firij wanda ƙofarsa ke rufuwa sosai, robar bakinta ba ta yage ba. Ana samu wurin masu gyaran firij, ko wurin 'yan gwangwan.
2. Fitilu biyu irin masu zafi. Fitilun zamani masu farin haske ba su da zafin da muke bukata. Inda wuta ba ta zama, fitilun mota biyu masu wat 21 sun isa ƙaramin firij.
3. Batirin mota, da farantin sola domin cajinsa.
4. Ƙaramar fanka irin ta cikin kwamfuta, mai aiki da batir.
5. Tamostat, wato na'urar da ke kashe fitila in zafi ya kai, ta kunna in ya sauka. Masu kayan lantarki a kasuwar Sabon Gari suna sayar da ita.
6. Ma'aunin zafin jiki na kemis, da ma'aunin laima in da hali.
7. Ragar waya, faranti mai faɗi na ruwa, da ɗan gilashi.

YADDA ZA A HAƊA

Da farko a bar mai gyaran firij ya cire injin da iskar da ke cikinsa. Kada mu huda bututun da kanmu. In ƙofar tana da sakata, a cire ta tun ranar farko, gama yaro yana iya shiga ciki yana wasa, ƙofa ta rufe, ya rasa numfashi.

Sai a wanke ciki da sabulu, a shanya shi a rana. A huda ramuka uku ko huɗu a ƙasa, da wasu kamarsu a sama, kowanne faɗin ɗan yatsa, domin tsakon da ke cikin ƙwai yana numfashi ta ɓawonsa. A yanka ɗan taga a ƙofa a liƙa gilashi, domin mu riƙa dubawa ba sai mun buɗe ba.

A ɗaura fitilun a sama, nesa da robar bango, a kāre su da guntun kwano. Dalilin sa biyu shi ne, in ɗaya ta mutu da dare, ɗayar za ta riƙe ɗumi. A sa fankar kusa da su, ta riƙa aiki dare da rana, domin zafin sama da na ƙasa su zama ɗaya. A shimfiɗa raga a kan kantocin firij ɗin. Farantin ruwa yana can ƙasa. Bakin wayar tamostat kuwa a ajiye shi daidai tsayin ƙwan.

A GWADA KAFIN A SA ƘWAI

Nan ne masu gaggawa sukan yi hasara. A kunna akwatin babu ƙwai, kwana biyu cikakku. Zafin da ake so shi ne digiri 37 da rabi. A duba da asuba, da tsakar rana, da tsakar dare, a gwada abin da tamostat ya nuna da abin da ma'aunin kemis ya nuna, a rubuta a littafi. In zafi ya ɗan sauka na 'yan awoyi, ƙyanƙyasa takan yi jinkiri kawai. Amma in ya haura digiri 40 ya daɗe, tsakin sun mutu a ciki. A ƙasar Kano zafin watan Afrilu da kansa yana kai haka, saboda haka a ajiye akwatin a ɗaki mafi sanyi a gidan, inda rana ba ta taɓa shi.

ZAƁEN ƘWAI

A ɗauki ƙwai daga garken da ke da namiji, zabo ɗaya ga mata huɗu ko biyar. Ƙwan da ya wuce kwana 7 da yi, ƙarfinsa ya fara raguwa. A ajiye shi a inuwa, tsininsa yana kallon ƙasa. Kada a wanke shi, kada a sa mai tsaga ko mai kashi a jiki. Ƙwan kasuwa da ba mu san ranarsa ba, wanda ya sha rana a kan tire, yawanci baragurbi ne yake jiranmu.

AIKIN KULLUM

A sa wa kowane ƙwai alama da fensir, gicciye a gefe ɗaya, da'ira a ɗayan. A juya su sau uku a yini: safe, rana, da dare. Da yake sau uku ne, ƙwan ba zai kwana a gefe ɗaya dare biyu a jere ba. A wanke hannu tukuna, a kuma rufe ƙofa da sauri.

Laima ta zama kashi 50 zuwa 55 cikin 100. Da damina ruwa kaɗan ya isa. Da hunturu kuwa iska ta bushe ƙwarai, sai a ƙara faranti na biyu. A zuba ruwa mai ɗumi, ba mai sanyi ba.

A kwana na 10, a shiga ɗaki mai duhu a haska kowane ƙwai da tocilan. Mai rai zai nuna jijiyoyi ja kamar saƙar gizo-gizo. Wanda haske ya ratsa shi fes, a fitar, kada ya ruɓe ya fashe ya ɓata sauran.

In batir ya yi sanyi, kada a buɗe ƙofa barkatai. A sa kwalaben ruwan zafi a ƙasa, an naɗe su da tsumma, ana duba ma'auni.

Ga kwanakin ƙyanƙyasa: kaza 21, zabuwa 26 zuwa 28, talotalo 28, agwagwar gida mai jan fuska 35. A daina juya ƙwan kaza a kwana na 18, na zabi a kwana na 24. Daga nan a ƙara ruwa har laima ta kai kashi 65 zuwa 70, a bar ƙofa a rufe. Kada a taimaki tsako da ɓare masa ɓawo. A bar shi ya fito, ya bushe a ciki.

ƘWAN KUNKURU DA NA KADA

Hausawa sun ce albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko. Gidajen da ke kiwon kunkuru ma suna iya amfani da irin wannan akwati, amma ka'idar ta bambanta. Ƙwan kunkuru ba a juya shi ko kaɗan, gama juyi yana kashe ɗan da ke ciki. Ana binne rabinsa cikin rairayi mai danshi yadda aka same shi, zafi ya tsaya tsakanin digiri 28 da 32, a jira wata uku ko fiye. Zafin ne kuma ke yanke jinsi: in ya yi sama, mata sukan fi yawa. Don haka ba a haɗa shi da ƙwan zabi a akwati ɗaya. Ƙwan kada kuwa, kada mu ɗebo shi daga bakin kogi. Dokar kāre namun daji ta 1985 ta sa kada cikin dabbobin da aka hana farautarsu da cinikinsu.

BAYAN SUN FITO

'Yan tsakin zabi ba su jure sanyi da jiƙa. A sa su a kwali ko kwando mai ɗumin digiri 35 a makon farko, ana ragewa kaɗan kowane mako. A zuba tsakuwa a kaskon ruwansu, kada su nutse. A tuna da rigakafin cutar Niyukasil, annobar da kan share akurki da hunturu. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom, a Jihar Filato, tana yin maganin rigakafin, malamin dabbobi kuma zai nuna mana lokacin bayarwa.

Shawararmu ita ce a fara da ƙwai 30 kawai, a rubuta kome. In hannu ya faɗa, sai a ƙara. Gidaje uku ko huɗu suna iya haɗa kuɗi su yi akwati ɗaya, amma mutum ɗaya ne zai riƙe littafin da aikin juyi.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

1. Waɗanne abubuwa huɗu ne kaza mai kwanci take yi wa ƙwai?
2. Don me muke gwada akwatin kwana biyu babu ƙwai?
3. A ƙungiyarmu, wa zai ɗauki nauyin juyin dare har kwana 24?