Ma'aikaci a Takarda, Ma'aikaci a Bakin Aiki

An shirya wannan darasi ne domin Hakimai da malamansu na ƙasashen Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa. Maganarsa guda ce, watau yadda za a tabbata cewa mutumin da sunansa yake cikin takardar albashi shi ne yake tsaye a aji, ko a ɗakin shan magani, sa'ad da talaka ya zo nemansa.

Yadda Ake a Da

A zamanin En'e, ma'aikatan gunduma suna gaban Hakimi. Da malamin haraji, da malamin daji, da malamin gona, da malamin asibiti, da duba-gari, duk ya san su, ya san gidan da kowa yake kwana. In wata ya mutu, kowa ya zo da kansa ya karɓi albashi, ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Wanda ba ya nan, ba a bukatar bincike kafin a sani. Wahalar wancan zamani ita ce ƙarancin masu ilmin boko, shi ya sa aka buɗe makarantar horon akawuna a Zariya a 1947, wadda ta zama makarantar koyon aikin mulki ta Kongo.

Gyaran mulkin ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo ƙarshen wannan tsari. Yau ɗaukar ma'aikaci, da yi masa canjin wurin aiki, da horonsa, da sallamarsa, duk suna hannun ƙaramar hukuma da hukumomin Jiha. A ƙaramar hukuma Daraktan Mulki ne yake riƙe da fayil ɗin ma'aikata, Sakataren Ilmi kuwa yana lura da malaman firamare. Hakimi ba ya ɗauka, ba ya kora. Amma har gobe shi ne uban ƙasa, kukan talaka kuwa ƙofarsa yake fara isa.

Abubuwa Huɗu da Suka Sake

Na fari, hanyar biya. Albashi yanzu ta banki yake shiga, ma'aikaci ya ga saƙo a wayarsa ko yana ina. Tun da aka fito da lambar shaidar banki ta BVN a 2014, gwamnatoci suke amfani da ita wajen tantance ma'aikata, domin a gano sunayen bogi da masu cin albashi biyu. Wannan ci gaba ne. Sai dai kwamfuta ta san wanda aka biya, ba ta san wanda ya zo aiki ba. Mutum yana iya cika kowace takarda, ya halarci kowace tantancewa a Kano, alhali kuwa ƙauyen da aka tura shi bai taɓa ganin fuskarsa ba.

Na biyu, tsadar tafiya. Da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. A 2024 an ɗaga mafi ƙarancin albashi na ƙasa daga naira 30,000 zuwa 70,000, Jihar Kano kuwa ta tsayar da nata a kan 71,000. Duk da haka, a duba halin ma'aikacin da iyalinsa suke birnin Kano, aka tura shi Riruwai, hedkwatar Doguwa. Zai biyo hanyar Zariya har Kwanar Dangora, ya karya ta Tudun Wada, ya ratsa dajin Falgore. In ya ce kullum zai yi haka, kuɗin mota ya cinye albashin. To, sai ya riƙa zuwa ran Talata ya koma ran Alhamis, sannu-sannu har ya zama sai ƙarshen wata.

Na uku, ritaya. Ƙa'idar aikin gwamnati ita ce mutum ya ajiye aiki in ya cika shekara 60 da haihuwa, ko shekara 35 yana aiki, duk wadda ta riga zuwa. Ke nan wanda ya kama aiki a 1990 ya cika nasa wa'adi a 2025. In ba a lissafta tun da wuri ba, sai a wayi gari hedimasta ya tafi, mataimakinsa ya tafi, babu wanda aka koya wa riƙon makaranta.

Na huɗu, irin ma'aikatan da ake bukata. Yau masu takardar shaidar karatu sun yi yawa, gurabe sun yi kaɗan, amma inda aka fi ƙishirwa ba a samu ba. Mace mai ciki ta fi sakin jiki da 'yar'uwarta mace, iyaye da yawa kuma sun fi barin 'ya'yansu mata su daɗe a makarantar da take da malamai mata. Ma'aikaciya kuwa ba ta zauna a ƙauyen da babu ɗaki mai ƙofa da ruwa kusa ba.

Maganar Noma

Ƙasashen nan huɗu ƙasashen noma ne. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gama a 1974, ta sa noman rani ya kafu, Tudun Wada kuwa ta yi suna wajen shinkafa. Tsarin Mulki na 1999 ya hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci gudanar da kasuwancin kansa, amma ya ware noma. Saboda haka malami mai gona bai yi laifi ba. Laifi shi ne a rufe aji ranar dashe ko ranar girbi. Gona da yamma da ranakun hutu, safiya ta yaran mutane ce. Kowa ya ci ladan kuturu, ya yi masa aski.

Abin da Ake Roƙon Hakimai da Malamansu

1. Malamin Hakimi ya buɗe littafi, kowane gari da shafinsa: makarantu nawa, ɗakunan shan magani nawa, wa aka turo, yaushe ya iso, ina yake kwana.

2. Dagatai da masu unguwanni su riƙa kawo labarin wuraren da aka iske a rufe, tare da rana da wata. Jita-jita ba ta shiga littafi, gani ya kori ji.

3. In an ga ma'aikaci yana fashi, a kira shi a ji dalilinsa tukuna. Mai yiwuwa ne rashin masauki ne, wannan kuwa abu ne da gari zai iya magancewa da ɗaki guda. In nasiha ba ta yi ba, a rubuta wa Daraktan Mulki ko Sakataren Ilmi. Saƙon waya yana da sauri, amma takarda mai kwanan wata da sa hannu ita ce take shiga fayil.

4. A rubuta sunayen 'ya'yan gari, maza da mata, da suka gama karatun malanta ko na kiwon lafiya, a miƙa wa hukuma sa'ad da za a ɗauki ma'aikata. Ɗan gari ba ya biyan kuɗin mota, kuma yana jin kunyar idon mutanensa.

5. Kada a sa baki domin a mai da wani kusa da birni don ɗan wane ne. Kowane gurbi da aka kwashe ta wannan hanya, wani ƙauye ne aka bari da kwaɗo a ƙofar asibiti.

6. Ma'aikacin da ya zauna ya yi haƙuri, a yaba masa a bainar jama'a, a kuma rubuta yabon ya shiga fayil ɗinsa.

Tambayoyi

Ma'aikata nawa ne a ƙasarka za su yi ritaya cikin shekara biyu masu zuwa? Wane ƙauye ne ya fi daɗewa ba ungozoma? Cikin malaman da aka turo bana, nawa ne suke kwana a garin da suke aiki? Hakimin da littafin malaminsa zai amsa waɗannan uku, ya san ƙasarsa.

Allah ya taimaki iyayen ƙasa, ya ba mu ikon riƙe amana, amin.