In Ka Sauka Koki, Nemi Saƙi

Baƙon da ya sauka unguwar Koki a Kano yakan fara da tambayar gidan Alhassan Ɗantata, attajirin goro da gyaɗa da ya rasu a 1955. Ba laifi, sai dai gidajen zuriyarsa wurin zaman iyali ne, ba a leƙa su haka kawai. Shawarata, ka sallami mai adaidaita sahu a bakin titi, ka bi lungu da ƙafa zuwa Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, ka nemi saƙi.

Saƙi aikin masaƙar gargajiya ne. Zaren da ya sha baba ake gittawa da fari, tsaye da kwance, sai ƙananan gidaje su fito kamar jikin zabo. Mutanen Sikotland ma suna da irin wannan saƙa mai gida-gida, ta ulu, kowane dangi da zanensa. Gwamnatin Birtaniya ta hana mazauna tsaunukansu sanya kayan a 1746, ta janye dokar a 1782, yau kuwa har rajista suke yi wa kowane zane. Namu sunayen a bakin dattawan kasuwa suke: saƙi, barage mai jan alharini, tsamiya, luru, gwado. Duk dattijon da ya kwanta dama, da wasu sunayen yake tafiya, abin da ke damuna ke nan.

Don haka ka zauna, ka yi gaisuwa sosai kafin ka taɓa kaya. Ka ce, "Baba, mene ne sunan wannan?" Za ka ji abin da ba ya cikin littafi.

Juya zanen ka dubi bayansa. Na hannu ƙwarya-ƙwarya ake saƙa shi, sirara, sannan a ɗinke, kuma gidajen ba sa daidaita sak a bakin ɗinki. Wanda ka gani shimfiɗa guda, sumul, na inji ne, irinsa cike yake a Kantin Kwari. In shuni ya ɗan kama maka yatsa kada ka tsorata, halin baba ne.

Je da hantsi, kada ka zaɓi ranar Juma'a. Ka taya da mutunci, in an ce albarka ka ƙara. Nemi izini kafin ɗaukar hoto. In da sauran ƙarfi, ka ƙarasa marinar Ƙofar Mata ka ga yadda ake tsoma zane a ruwan baba. In ka sayi saƙin, wankin farko kuma, shi kaɗai, da ruwan sanyi, a shanya a inuwa.