Yadda Ake Daidaita Hasken Rana ga Durumi da Cediya a Cikin Tukunya

Durumi da cediya, waɗanda masana tsirrai ke kira Ficus polita da Ficus thonningii, itatuwa ne da aka saba gani a ƙofar gida da dandali a Sandamu da sauran garuruwan masarautar Daura, kuma tun da reshensu yana kamawa idan aka sare shi aka kafa a ƙasa mai laima, ba shi da wuya a rene su a tukunya cikin gida. Danginsu ɗaya da ɓaure. 

Matsalar mai reno a wannan yanki ba ƙarancin rana ba ce, tazarar da ke tsakanin tsakar gida da cikin ɗaki ce. Hasken tsakar rana a fili yana kaiwa lux 100,000, wato ma'aunin yawan hasken da ke sauka a kan wuri, alhali ɗaki mai ƙaramar taga, irin wanda ake ginawa don kare zafi, da kyar yake samun 'yan ɗaruruwa. Idon mutum yana sabawa da duhu nan da nan, shi ya sa yake ganin ɗakin da haske, amma ganye, wanda da hasken yake haɗa abincin shuka daga ruwa da iska, ba ya samun abin da zai ishe shi.

Mataki na farko shi ne a san hanyar da rana take bi a gidan, kuma nan ne aka fi yin kuskure, domin mutane da yawa suna ɗauka cewa hanyarta ɗaya ce duk shekara. Sandamu tana kusa da digiri 13 arewa da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka rana tana tsayawa daidai tsakar ka sau biyu a shekara, a ƙarshen Afrilu da kuma tsakiyar Agusta. Tsakanin waɗannan lokuta biyu ranar azahar tana karkata arewa kaɗan, sauran watannin kuma tana karkata kudu, har a Disamba ta sauko zuwa kimanin digiri 54 daga doron ƙasa. Ma'anar wannan ita ce tagar kudu, wadda rana ba ta leƙa ta a Yuni, tana cika da rana a lokacin hunturu, gindin katangar arewa kuma, wanda yake inuwa tun daga Satumba, yana iya samun rana a Mayu, daidai lokacin da zafi yake wuce digiri 40.

Daga nan sai a zaɓi wuri, kuma wanda ya fi dacewa shi ne tagar gabas ko bakin barandar da ke fuskantar gabas, inda shuka za ta samu ranar safe daga fitowarta zuwa hantsi, kimanin awa uku ko huɗu, sannan ta wuni cikin inuwa mai haske. Tagar yamma tana da haɗari a bazara, saboda ranar la'asar tana zuwa ne bayan katanga da iska sun riga sun ɗauki zafi. Ana gwada wuri da hannu: a ɗaga tafin hannu kamar kamu ɗaya a saman ganyen da rana tsaka, idan inuwar yatsu ta fito rangaɗau to hasken yana da ƙarfi, idan ta fito dishi-dishi matsakaici ne, idan kuwa babu inuwa sam wurin bai dace ba. A cikin ɗaki kada tukunyar ta yi nisa da taga fiye da taku ɗaya ko biyu, domin haske yana raguwa da sauri ƙwarai daga bakin taga zuwa ciki.

Mataki na uku shi ne tace ranar a inda ta yi yawa. Asabari ko tsohuwar zana mai ɗan sarari sun fi labule mai kauri, tun da suna rage kaifin rana ba tare da sun tare iska ba. Rumfar kwano kuwa, ko da tana ba da inuwa, tana sauko da zafi a kan shuka, don haka a ajiye tukunyar a bakinta, ba a tsakiyarta ba. A lura kuma da tukunyar kanta, domin baƙar leda ko baƙar roba da rana ta buga tana dafa saiwa tun kafin ganye ya nuna alama, amma tukunyar ƙasa tana sanyaya abin da ke cikinta ta hanyar tsattsafo, kamar yadda randa take sanyaya ruwa.

Bayan an samu wuri, a riƙa juya tukunyar rubu'in zagaye sau ɗaya a mako. Dalili shi ne wani sinadarin girma da ake kira auxin yana taruwa a gefen karan da ke cikin inuwa, ya sa gefen ya fi ɗayan tsawo, karan kuma ya lanƙwasa ya bi taga. A lokacin hunturu a ƙara da goge ganye da tsumma mai laima, musamman na durumi da yake da faɗi, saboda ƙurar da take kwanciya a kansa tana tare haske, tana kuma toshe ƙananan ƙofofin da yake shaƙar iska da su.

Ganyen ne zai nuna ko an dace. Idan rana ta yi yawa, sai a ga tabo fari-fari ko ruwan ƙasa, busasshe kamar takarda, a gefen da ke fuskantar rana kawai, kuma tabon ba ya warkewa, sai dai sabon toho ya maye gurbinsa. Idan haske ya yi kaɗan, tazarar da ke tsakanin ganye da ganye tana ƙaruwa, karan ya yi siriri, ganyayen ƙasa su yi ɗorawa su zube. A nan mutane sukan ƙara ruwa da taki da zaton shukar yunwa take ji, wanda kuwa ba ya haifar da komai sai ruɓewar saiwa, domin shukar da ke cikin duhu ba ta shan ruwa sosai. A tura yatsa cikin ƙasar tukunyar zuwa gaɓa ta biyu, idan da sauran danshi a dakata da bayi.

Mataki na ƙarshe ya shafi sauya wuri, wanda sauyin yanayi yake tilastawa, kuma ba a yin sa farat ɗaya, domin ganyen da ya tsiro a inuwa ba shi da kaurin da zai jure rana, itatuwan wannan dangi kuma suna saurin zubar da ganye idan aka canza musu haske kwatsam. A fara da awa ɗaya ta ranar safe, a riƙa ƙara kaɗan bayan kowane kwana biyu, har a cika mako biyu. Haka ma ake yi idan shukar ta fi ƙarfin tukunya za a mayar da ita ƙasa, kuma lokacin da ya fi dacewa shi ne Yuli, bayan damina ta kankama kuma hadari yana rage kaifin rana, a haƙa ramin nesa da katanga da rijiya, saboda saiwar durumi da cediya tana tafiya nesa neman ruwa, tana kuma tsaga gini.