Na'urar da ke jin abin da ido ba ya gani

Jama'a, darasinmu na yau a kan wani abu ne marar launi, marar wari, marar ɗanɗano. Shi ne tururin da ke fita daga dutsen uraniyom. Mutanen Arlit da Akokan sun daɗe suna zaune da shi. Kamfanin SOMAIR ya fara fitar da uraniyom a 1971, COMINAK kuma a 1978, har aka rufe raminsa a watan Maris na 2021. Amma rufe rami bai kashe tururi ba. Tulin ƙasar da aka tace yana nan, yana fitar da wata iska mai suna radon. Wanda ya daɗe yana shaƙar ta da yawa, tana iya jawo masa sankarar huhu bayan shekaru.

To, yaya mutum zai gane inda haɗarin yake? Sai da na'ura, kuma iri biyu ce. Ta farko ita ce dozimeta, ƴar ƙarama, wadda ma'aikacin ma'adini ke maƙalawa a jikinsa. Tana tara lissafin tururin da ya same shi. Ma'aunin ana ce masa milisibat: ƙa'idar duniya ta ce kada ma'aikaci ya wuce 20 a shekara. Ta biyu ana kiranta Gaiga. Ana kusantar da ita ga ƙasa ko ƙarfe, sai ta riƙa ƙas-ƙas. In ƙarar ta yi sauri kamar ana tuyar gugguru, to wurin ba lafiya.

Da irin waɗannan na'urori ne ƙungiyar Greenpeace ta yi awo a Akokan cikin Nuwamba 2009. A wani titi, inda aka yi ciko da duwatsun ma'adini, tururin ya kai kusan ninki 500 na yadda ya saba. An kuma sami ƙarafa masu tururi a kasuwar Arlit. Ga shi kuwa da irin ƙarafan nan wasu ke yin ƙyaure da kayan ɗaki, don araha.

Wayar salula fa? Kada a dogara da ita wajen awo, ba aikinta ba ne. Amfaninta shi ne ajiye shaida. A Japan, bayan haɗarin Fukushima na 2011, ƴan sa-kai na Safecast sun ɗaura na'urori a motoci, suka zuba sakamakon a taswira ta intanet, kowa ya ga halin unguwarsa. Mu ma in an yi awo a gida ko a garka, a ɗauki hoton lambar, a rubuta wuri da rana, a kai wa ma'aikatan lafiya ko ƙungiyar Aghir In'Man ta Arlit.

Masu garka, kada ku sa bututu ko tano da ya fito daga ma'adini wajen ban ruwa sai an auna shi. Wanda kuma tari ya wuce masa mako biyu, ya tafi asibiti, ya gaya wa likita shekara nawa ya yi a rami.